Tsallaka titi: wa ke da hanya, direba ko mai tafiya a ƙasa?

A manyan titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, abin da ido ya saba gani shi ne mai tafiya a ƙasa ya tsaya bakin kwalta yana jiran motoci da babura su ƙare, ko da kuwa yana tsaye daidai kan fararen layukan da aka zana dominsa. Idan wani direba ya taka birki ya ba shi hanya, sai a ɗauka alfarma ya yi masa, na bayansa kuma su yi ta danna masa oda. Ƙa'idar hanya akasin haka ta tsara. A wurin da aka keɓe don tsallakawa, mai tafiya a ƙasa ne ke da fifiko, kuma nauyi yana kan mai abin hawa ya rage gudu tun kafin ya iso, ya tsaya cak idan ta kama. Ga bayanin abin da ƙa'idar ta ƙunsa, inda ta samo asali, dalilinta, da kuma haƙƙin wanda aka kaɗe.

Girman matsalar

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar a watan Disamba na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a hatsarin hanya a duniya cikin shekarar 2021. Fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu a ƙasa suke tafiya lokacin da aka kaɗe su. Yankin Afirka ne ke kan gaba wajen yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a, duk da cewa kimanin kashi 3 cikin 100 kawai na motocin duniya ne ke yankin. A nan Afirka, masu tafiya a ƙasa sun kai kusan ɗaya cikin uku na waɗanda ke mutuwa a kan hanya. Hukumar ta kuma nuna cewa hatsarin hanya ne ya fi kowane abu kashe yara da matasa masu shekara 5 zuwa 29.

Waɗannan alƙaluma sun shafi kowane gida, domin mai tafiya a ƙasa ba wani jinsi ne na daban ba. Direban da ya ajiye motarsa ya nufi masallaci ko kanti, shi ma a wannan lokacin mai tafiya a ƙasa ne, haka ƴaƴansa a hanyarsu ta zuwa makaranta.

Yadda ake gane matsallaka

Matsallaka ita ce wurin da hukuma ta keɓe a kan titi domin masu tafiya a ƙasa su ƙetara. Ana gane ta da fararen layuka masu faɗi da aka jera daga wannan bakin titi zuwa wancan. Turawan Ingila suna kamanta zanen da jikin jakin dawa, kuma a garinsu na Slough aka ƙaddamar da irin wannan zane a hukumance, ranar 31 ga Oktoba 1951. Kafin fenti ya yaɗu, a Faransa manyan ƙusoshin ƙarfe ake kafawa jeri biyu a kan titi don nuna wurin, shi ya sa har yanzu wasu masu jin Faransanci ke kiranta wurin tsallakawa mai ƙusoshi.

Alluna biyu ne ke tafiya da ita. Na farko allo ne mai kusurwa uku, mai jan baki, da hoton mutum yana tafiya. Wannan gargaɗi ne cewa akwai matsallaka a gaba. A tsarin alamomin Faransa, ana kafa irin wannan allo kimanin mita 50 kafin wurin a cikin gari, mita 150 kuma a bayan gari. Na biyu allo ne shuɗi mai kusurwa huɗu, da hoton mutum a cikin farin fili mai kusurwa uku. Shi kuma a daidai bakin matsallakar ake kafa shi.

A garuruwanmu rairayi yakan rufe layukan, rana da tayoyi kuma su cinye fentin. Dusashewar zane ba ta soke matsallaka. Muddin allon yana nan, ko ana iya ganin alamar layukan, ƙa'idar tana aiki.

Inda ƙa'idar ta samo asali

Tushen yawancin dokokin hanya na duniya shi ne yarjejeniyar zirga-zirga a kan hanya da aka sa wa hannu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 8 ga Nuwamba 1968, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta fara aiki a 1977, kuma Nijar ta shiga cikinta tun 1975. Ayarta ta 3 ta wajabta wa duk ƙasar da ta shiga ta daidaita dokokinta na cikin gida da ƙa'idojin da ke ciki. Aya ta 20 ta yi magana kan masu tafiya a ƙasa, aya ta 21 kuma kan yadda direbobi za su bi da su.

A cikin gida, kundin dokokin hanya da ake aiki da shi ya fito ne daga doka mai lamba 2014-62 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014. Hukumar kula da tsaron hanya ta ƙasa, ANISER, tana aikin wayar da kan jama'a da bin diddigin hatsarurruka. Ƴan sanda ne ke sa ido a cikin gari, jandarmomi kuma a manyan hanyoyi da karkara. Gyaran titunan cikin unguwanni da tsara wuraren ajiye motoci da na kasa kaya kuwa sun shafi ma'aikatun magadan gari.

Wane ne direba a idon doka?

Mutane da yawa suna zaton ƙa'idojin hanya na mai mota ne kaɗai. Aya ta 1 ta yarjejeniyar ta bayyana direba a matsayin duk wanda ke tuƙa abin hawa, mai inji ko marar inji, har da keke, da kuma duk wanda ke kora dabbobi ko yake bisa dabba a kan hanya. Ke nan ɗan kabu-kabu, da mai adaidaita, da mai amalanken jaki, da mai raƙumi, da makiyayin da ya biyo titi da garkensa, duk direbobi ne, kuma wajibin ba mai tafiya a ƙasa hanya yana kansu kamar yadda yake kan mai taksi ko direban babbar mota.

Wannan batu yana da muhimmanci a birane kamar Maraɗi da Damagaram, inda babura suka cika tituna. Mai babur yakan ga cewa ba sai ya tsaya ba, tunda zai iya kaucewa ya bi ta gaban mutum ko ta bayansa. Amma mai tsallakawa ba ya sanin ta wane ɓangare za a bi, yakan firgita ya ja da baya ko ya ruga gaba, a nan ne ake yin karo.

Abin da ke kan direba

Inda babu wutar ba da hannu, kuma babu ɗan sanda. Direba zai tunkari matsallaka da gudun da ba zai jefa kowa cikin hatsari ba, kuma zai tsaya idan akwai buƙata. Wannan ya shafi wanda ya riga ya hau titi, ya kuma shafi wanda yake dab da hawa. Ba a jiran sai mutum ya jefa ƙafarsa a kwalta. Wanda ya tsaya a bakin layukan yana fuskantar titi yana duban motoci, ya riga ya nuna nufinsa.

Inda akwai wutar ba da hannu ko ɗan sanda. Idan wuta ta nuna ja, a bayan layi ake tsayawa. Ba a hawa kan matsallaka, kamar yadda masu babura kan taru a kanta suna jiran wuta ta sake su. Idan wuta ta koma tsanwa alhali akwai wanda bai gama tsallakawa ba, dole a bar shi ya ƙarasa. Tsanwar wuta izinin tafiya ce idan gaba babu kowa. Umarnin ɗan sandan da ke ba da hannu kuma yana sama da wuta da alluna.

Lokacin shan kwana. Direban da zai juya dama ko hagu ya shiga wani titi, zai yi haka a hankali, ya ba masu tsallaka titin da zai shiga hanya. Ana yawan mantawa da wannan a mahaɗar hanyoyi da wajen fita daga shataletale, saboda hankalin direba yana kan motocin da ke tahowa, bai duba inda gaban motarsa ya dosa ba.

Wuce wata mota. Aya ta 11 ta hana wuce abin hawan da ke tunkarar matsallaka ko wanda ya tsaya a bakinta, sai da gudun da zai ba mutum damar tsayawa nan take. Wannan yana daga cikin mafi munin hatsarurruka: mota ɗaya ta tsaya, mai tafiya ya amince ya shiga, sai wata mota ko babur ya ɓullo ta gefenta da gudu. Motar da ta tsaya ta kare mai tsallakawa daga idon mai tahowa, shi ma ta kare masa ganin abin da ke zuwa. Duk direban da ya ga na gabansa ko na gefensa ya tsaya ba tare da wani dalili na fili ba, ya ɗauka akwai mutum a gaba.

Tsayawa da ajiye mota. Aya ta 23 ta hana tsayawa ko ajiye abin hawa a kan matsallaka, ko da na ɗan lokaci ne don sauke fasinja ko ɗaukar kaya. Ajiye mota dab da ita ma yana rufe ido, musamman idan yaro ne zai fito daga bayanta.

Wurin sauke fasinja. Mai wuce motar haya da ta tsaya a matsayarta zai rage gudu, ya tsaya idan ta kama, domin masu sauka sukan fito ta gaban motar ko ta bayanta ba zato.

Jerin gwano. Aya ta 26 ta hana ratsa jerin ƴan makaranta da ke tare da mai kula da su, ko ayarin sojoji, ko wani jerin gwano. Masu rakiyar gawa zuwa maƙabarta suna cikin irin wannan jeri.

Akwai kuma abubuwan da hankali ke nunawa ko da ba a rubuta su ba. Oda ba ta maye gurbin birki, kuma danna ta a kan tsoho ko yaron da ke tsakiyar titi ruɗa shi kawai take yi. Direban da ya tsaya kada ya yi wa mai tafiya hannu ya ce ya wuce, sai ya tabbatar ɗaya layin ma babu mai tahowa. Riƙe waya a lokacin tuƙi kuwa yana cinye ɗan lokacin da ake da shi na taka birki.

Dalilin da ya sa gudu ne tushen magana

Mota ba ta tsayawa a inda direba ya ga mutum. Daga lokacin da ido ya gani zuwa lokacin da ƙafa ta kai kan birki, direban da ke cikin hayyacinsa yakan ɗauki kimanin sakan ɗaya, kuma a wannan sakan motar tana tafiya da cikakken gudunta. Bayan nan ne birki ke fara aiki. A busasshiyar kwalta, da tayoyi da birki masu kyau, lissafin yana kamawa kamar haka:

A gudun kilomita 30 a awa: mita 8 kafin a taka birki, mita 5 na jan birki, jimla kimanin mita 13.
A kilomita 50: mita 14 da mita 14, jimla kimanin mita 28.
A kilomita 70: mita 19 da mita 27, jimla kimanin mita 46.
A kilomita 90: mita 25 da mita 45, jimla kimanin mita 70.

Abin lura a nan biyu ne. Idan yaro ya faɗo titi a tazarar mita 13, mai gudun kilomita 30 zai tsaya a gabansa, mai gudun 50 kuwa zai buge shi tun ƙafarsa ba ta kai kan birki ba. Na biyu, a daidai inda mai gudun 50 ya gama tsayawa, mai gudun 60 yana nan yana tafiya da kimanin kilomita 40 a awa. Ƙarin kilomita 10 da direba ba ya ko jin sa a jikinsa, shi ne bambanci tsakanin firgita da jana'iza.

Rairayi a kan kwalta, da ruwan damina, da suɗaɗɗun tayoyi, da lodin da ya wuce kima, duk suna ƙara wa wannan tazara tsawo. Gajiya, da barci, da maye, da ƙwayoyi irin su tramol kuma suna tsawaita sakan ɗin farko.

Jikin ɗan Adam ma yana da iyakar abin da zai iya ɗauka. OMS ta nuna cewa mafi yawan waɗanda mota ta buge a gudun kilomita 30 ko ƙasa da haka suna rayuwa, kuma hatsarin mutuwa yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65. Shi ya sa taron ministocin duniya kan tsaron hanya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a watan Fabrairu na 2020 ya yi kira da a tsaida iyakar gudu a kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. A Nijar iyakar gudu cikin gari kilomita 50 ce a awa, sai inda allo ya nuna wata iyakar. Wannan ita ce ƙololuwar abin da aka yarda da shi. A bakin makaranta, ko kasuwa, ko asibiti, ko masallaci ranar Juma'a, direba ne zai sauko ƙasa da ita gwargwadon abin da idonsa ya gani.

Abin da ke kan mai tafiya a ƙasa

Fifiko bai ɗauke wa mai tafiya a ƙasa nasa nauyin ba. Aya ta 20 ta jera abubuwan da ake nema daga gare shi.

Zai bi gefen da aka keɓe masa idan akwai. Mai tura kaya masu girma, kamar baro ko kurar ruwa, yana iya sauka kan titi idan kayan za su takura wa sauran masu tafiya. Inda babu gefen da aka keɓe, shawarar ita ce ya bi bakin titi yana fuskantar motocin da ke tahowa. Tunda a Nijar dama ake bi wajen tuƙi, hannun hagu ke nan. Amma mai tura keke ko babur, da masu tafiya a jere ƙarƙashin jagora, hannun dama za su bi tare da motoci.

Zai tsallaka ta matsallaka idan akwai ta a kusa. A dokar Faransa an ƙayyade wannan kusanci da mita 50. Idan akwai wutar masu tafiya a ƙasa, zai jira ta ba shi hannu. Idan babu, ba zai hau titi ba sai ya auna nisan motocin da ke tahowa da gudunsu. Da ya hau kuma, zai miƙe kai tsaye zuwa ɗaya gefen, ba tare da karkacewa ko tsayawa hira ba.

Hanyar dubawa ita ce hagu, sannan dama, sannan a sake duban hagu, domin motar da ta fi kusa daga hagu take fitowa. A titi mai tsibiri a tsakiya, tsallakawa biyu ce: a isa tsibirin, a tsaya, a dubi dama, sannan a ƙarasa. Da yake wasu masu babura suna bin hannun da ba nasu ba, duban ɓangarorin biyu wajibi ne ko a titi mai hannu ɗaya.

Auna nisa yana buƙatar ɗan lissafi. Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin sakan 6 kafin ya ƙetare titi mai faɗin mita 7. A cikin wannan lokaci, motar da ke gudun kilomita 50 ta ci fiye da mita 80, wadda ke gudun 90 kuma ta ci mita 150, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. Tsoho, ko mai ɗauke da kaya a ka, ko mai goyo da jan yaro a hannu, yana buƙatar fiye da haka.

Inda babu layuka

Mafi yawan titunanmu ba su da matsallaka ko ɗaya. A irin wannan wuri mai tafiya ne zai tabbatar ba zai tare wa motoci hanya ba kafin ya hau. Duk da haka direba bai samu izinin kaɗe kowa ba. Aya ta 21 da wannan ta fara: kowane direba ya guji duk abin da zai jefa mai tafiya a ƙasa cikin hatsari. Aya ta 13 kuma ta ce dole direba ya kasance yana iya tsayawa a cikin tazarar da idonsa ke gani.

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Gidan Rumji, yankin Maraɗi, Tasawa har Damagaram da Difa, tana ratsa tsakiyar garuruwa da ƙauyuka masu yawa. Gidaje na wannan gefe, rijiya ko makaranta ko kasuwa na wancan. Da zarar direba ya wuce allon sunan gari, ya shiga cikin gari, gudun daji ya ƙare. Ranar kasuwa, ƴan talla sukan rugo wajen duk motar da ta tsaya, idonsu yana kan ciniki, ba su duban titi.

Lokaci ma yana da nasa hatsari. Fitilar mota ta ƙasa tana haska kimanin mita 30 ne kawai, kuma mai baƙaƙen tufafi ba ya bayyana sai an zo kusa da shi, don haka mai gudun kilomita 70 da dare ba zai iya tsayawa a cikin abin da yake gani ba. Mai tafiya a ƙasa yana ganin fitilar mota daga nesa, sai ya zaci shi ma ana ganinsa. Fararen tufafi ko tocilan a hannu suna taimakawa. Haka nan hazon hunturu, da ƙurar da ke gabatar hadari, da ranar la'asar da ke dukan idon mai tuƙi zuwa yamma, da gaggawar dab da shan ruwa a watan azumi, duk lokuta ne na sassauta gudu.

Yara, tsofaffi da masu buƙata ta musamman

Aya ta 7 ta nemi direbobi su ƙara kula da yara, da tsofaffi, da naƙasassu. Ƙaramin yaro ba ya iya auna gudun mota kamar babba, tsawonsa ba ya barin a hango shi daga bayan motar da aka ajiye, kuma yakan bi ƙwallo ko abokinsa ba tare da waiwaye ba. Inda aka ga yaro ɗaya ya tsallaka a guje, a sa ran na biyu yana biye. Direban babbar mota kuwa ba ya ganin abin da ke dab da gaban motarsa ko gefenta, don haka ba a tsallakawa ta gaban tirelar da injinta ke aiki.

Makaho mai farar sanda ko mai ɗan jagora, da mai keken guragu, da kurman da ba ya jin oda, duk suna buƙatar a tsaya musu sarai har su kai ɗaya gefen. Iyaye da malamai kuma su ne makarantar farko: yaron da ya saba ganin babba yana jan hannunsa suna kutsawa tsakanin motoci, haka zai yi ranar da yake shi kaɗai.

Idan hatsari ya auku

Aya ta 31 ta wajabta wa direba ya tsaya, ya kare wurin don kada wani hatsarin ya biyo baya, ya sanar da hukuma idan an samu rauni ko mutuwa, ya kuma zauna a wurin ko ya dawo bayan ya kai wanda ya ji ciwo asibiti. Ana kiran ƴan kwana-kwana a lamba 18, ƴan sanda a lamba 17. Wanda ake zaton ya bugu a wuya ko gadon baya ba a ɗaga shi da gaggawa, sai idan barinsa a wurin ya fi hatsari. Gudu bayan kaɗe mutum laifi ne na daban. Direban da ya ji tsoron fushin jama'a ya nufi ofishin ƴan sanda ko na jandarmomi mafi kusa kai tsaye ya kai kansa. Jama'a kuma su bar hukunci ga hukuma. Kundin hukunta laifuffuka na Nijar ya tanadi hukunci kan kisa ko jikkatawa ba da gangan ba, idan sakaci ko karya ƙa'ida ne ya jawo.

Game da diyya, Nijar tana cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na ƙungiyar CIMA, wadda aka kafa da yarjejeniyar Yawunde ta 1992. Ayarsa ta 200 ta wajabta inshora, wadda aka fi sani da asirans, a kan duk abin hawa mai inji, har da babur. Aya ta 228 kuma tana da muhimmancin da mutane da yawa ba su sani ba: wanda abin hawa ya ji wa rauni, in dai ba direba ba ne, ana biyansa diyyar raunin jikinsa ko da shi ma ya yi kuskure, sai fa idan da gangan ya nemi abin ya same shi. Wato tsallakawa a inda babu layuka ba ta hana mutum ko magadansa haƙƙinsu a wurin kamfanin inshora.

Samun wannan haƙƙi yana buƙatar takardu: rahoton hatsari na ƴan sanda ko jandarmomi, wanda ake kira konsta, da lambar abin hawan, da sunan kamfanin inshorarsa, da takardun likita, da rasiɗan duk abin da aka kashe. Yafe wa direba tsakani da Allah abu ne mai kyau da aka san mu da shi, amma sasantawa a bakin titi ba tare da konsta ba takan bar iyali da ɗawainiyar magani su kaɗai idan ciwon ya tsananta daga baya. Kundin ya kuma sa wa'adin shekara 5 daga ranar hatsari don neman haƙƙi.

Abin da ke rage hatsari

Fenti shi kaɗai ba ya tsaida mota. Ƙasashen da suka rage mace-macen masu tafiya a ƙasa sun haɗa abubuwa da dama: matsallaka mai tudu da ke tilasta rage gudu, tsibiri a tsakiyar manyan tituna, fitilu a wuraren tsallakawa, gefen titin da ƴan kasuwa da motoci ba su mamaye ba, da hukuncin da ake aiwatarwa. A Faransa, tun watan Satumba na 2018, direban da ya ƙi ba mai tafiya a ƙasa hanya yana rasa maki 6 daga cikin 12 na takardar izinin tuƙinsa, wato farmi, ban da tarar Yuro 135, kimanin jaka 89 na sefa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-mace da raunuka a kan hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, ana kuma tunawa da waɗanda hatsari ya rutsa da su a ranar Lahadi ta uku ta watan Nuwamba kowace shekara.

Kwamitocin iyayen yara, da masu unguwanni, da shugabannin kasuwa suna iya kai buƙata a rubuce ga ma'aikatar magajin gari domin a sabunta fenti, a kafa allo, ko a yi tudun rage gudu a inda yara ke tsallakawa. Ƙungiyoyin direbobi da na ƴan kabu-kabu kuma suna da ta cewa a kan mambobinsu fiye da kowa. Kafin duk wannan ya samu, abin da ke hannun kowane direba shi ne ya ɗaga ƙafa daga totur da zarar ya hango layukan ko ya ga mutum a bakin titi. Tsayawar ba ta cin fiye da ƴan sakanni, kuma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.